Adana noti, bol da sukuru a wurin aiki na gida

Noti, bol da sukuru ƙananan ƙarafa ne masu zare, wato tsagin da ya murɗe a jikinsu, da ake ɗaure katako ko ƙarfe da su. Sun bambanta da ƙusa, domin ita bugawa ake yi, su kuwa murzawa ake yi, kuma ana iya kwance su a sake amfani da su. Shi ya sa makanikai, kafintoci da masu gyaran janareta a unguwannin Legas kamar Agege da Idi Araba ba sa zubar da su, sai su yi ta taruwa a gwangwani.

Tarihin ma'auni

Wahalar rarraba su ta samo asali ne daga tarihin zarensu. A da kowane maƙeri da irin zaren da yake yankawa, notin wannan ba ya hawa bol ɗin wancan. Wajajen shekarar 1800 Henry Maudslay ya ƙera injin yanka zare daidai wa daida a Ingila. A 1841 Joseph Whitworth ya gabatar da ma'auni guda mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya suka karɓa. A Amurka kuma William Sellers ya kawo nasa mai digiri 60 a 1864. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wannan saɓani ya wahalar da sojojin ƙawance wajen gyaran kayan juna, har Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da zare guda na inci a 1949. Daga baya zaren milimita, wanda ake rubutawa da harafin M, ya mamaye duniya. Najeriya ta koma ma'aunin mita a shekarun 1970, amma tsofaffin injuna da wasu kayan gwanjo masu zaren inci suna nan a kasuwannin Ladipo da Owode Onirin.

Rarrabawa

Tsari mafi amfani shi ne a ware su bisa kauri da zare tukuna, sannan tsawo. Raba su da ido kawai yana jawo asara: M8, wato bol mai kaurin milimita takwas, da bol mai kaurin 5/16 na inci kusan ɗaya suke, amma zarensu daban ne. Noti zai hau zagaye biyu ko uku ya cije, in aka matsa da sifana zaren ya cinye. Masu sana'a kan ɗaure noti ɗaya na kowane girma a jikin katako don gwaji da hannu.

Makanikai sukan kira bol da lambar sifanarsa. Lamba goma M6 ne. M8 kuwa lamba 13 ne a yawancin kayan Turai, 12 a motocin Japan, don haka gara a rubuta kaurin a jikin mazubi. Lambar da ke kan bol, kamar 8.8 ko 10.9, ƙarfinsa take nunawa. Bai kamata a haɗa waɗannan da marasa lamba ba, musamman na birki da ƙafar mota.

Tsatsa

Babban abokin gāba a Legas shi ne danshi da iskar gishiri daga teku, musamman a tsakiyar damina wajajen Yuni. Gwangwanin madara da aka bari a buɗe a ƙasa, kafin damina ta wuce sai a tarar notin ciki sun yi ja sun manne da juna. Robar da ke da murfi ko kwalba ta fi, a ɗora ta a sama nesa da ƙasa saboda ambaliya. Ana shafa wa baƙin ƙarfe ɗan man inji, mai tsatsa kuma a jiƙa shi a kananzir a goge kafin a mayar. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai alamar A4 ya fi A2 jure gishiri, sai dai ya fi tsada.

Mazubi

Akwai saɓani tsakanin masu son kwalba don ana ganin ciki da masu son durowar roba don ba ta fashewa. A gida mai ƙananan yara, ko wanne aka zaɓa a ajiye shi inda hannunsu ba ya kaiwa.