Ɗaukar Murya da Waya ko Tablet Don Aikin Ɗora Murya

Ɗaukar murya da waya hanya ce da masu ɗora murya ke bi wajen naɗar tallar rediyo, sanarwa, karatun littafi ko fassarar fim ba tare da sun shiga situdiyo ba. A Kano sana'ar tana da kasuwa saboda yawan gidajen rediyo irin su Rediyon Kano, Freedom Radio da Rahama, ga Kannywood, ga kuma masu mayar da finafinan Indiya zuwa Hausa. Ingancin aikin ya fi rataya a kan ɗakin da aka yi ɗaukar da yadda aka saita ƙarfin sauti, tsadar wayar tana baya.

Kayan aiki

Makirfon cikin waya an yi shi ne don kira, yana kwasar duk abin da ke ɗaki. Shi ya sa ake haɗa na waje. Mafi sauƙi shi ne ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Wanda ke shiga ramin iyafis dole bakinsa ya zama mai zobe uku baƙaƙe. Mai zobe biyu na kyamara ne, in aka sa shi waya ba za ta gan shi ba, sai ta ci gaba da ɗauka da nata makirfon. Gwajin kuwa ɗaya ne: a ƙwanƙwasa kan makirfon da farce, a duba ko layin sauti ya motsa. Makirfo mai USB ya fi tsabtar sauti, yana shiga ta USB-C ko ta mahaɗin OTG, ɗan abin da ke haɗa kayan USB da waya. Apple ya cire ramin iyafis tun iPhone 7 a 2016, ya koma USB-C a iPhone 15 a 2023, don haka a duba bakin waya kafin a sayi komai a kasuwannin waya na Kano, Farm Centre ko Beirut Road. Babban makirfon situdiyo mai buƙatar wutar bolt 48 sai da akwatin sauti (audio interface) da ke ba shi wutar a tsakaninsa da waya, kuma yana shan batir sosai. Iyafis na Bluetooth bai dace da ɗauka ba, matse murya yake yi ta fito siririya. Fifikon tablet shi ne faɗin allo: ana karanta rubutu a kai ba ƙarar juya takarda.

Ɗaki

Nan ne yawancin ayyuka ke lalacewa. Bangon siminti da tayil suna mayar da murya, kuma amsa-kuwwa in ta shiga ɗauka ba ta fita da kyau a wajen gyara. Ɗaki mai kafet, labule da katifa ya fi babban falo. Mai karatu ya fuskanci wadirob a buɗe cike da kaya, a rataya bargo mai kauri a bayansa. A kashe fanka da firji. Janaretan maƙwabta da hon ɗin adaidaita sahu ba su da magani sai zaɓen lokaci, shi ya sa ake son tsakar dare, kafin kiran assalatu. A watannin Afrilu da Mayu zama ba fanka yana da wuya, sai a riƙa ɗaukar minti goma ana hutawa. Ita ma wayar in ta yi zafi takan tsayar da manhaja.

Saiti da ɗauka

A zaɓi manhajar da ke ajiye WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a saita ingancin ɗauka a 48 kHz, bit 24, layi ɗaya (mono). Minti ɗaya yana cin kusan megabait 8.6. A sa wayar a yanayin jirgin sama, a cire caja, domin cajar bango takan shigo da gurnani. In batir ya yi ƙasa a yi amfani da fawa bank. In manhajar tana da saitin da ke daidaita ƙarfin murya da kanta, a kashe shi, don yana ɗaga hayaniyar ɗaki duk lokacin da mai karatu ya yi shiru.

Tsakanin baki da makirfo a bar kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkatar da shi gefe. Haruffan f da b suna fitowa da iska daga leɓe, su bugi makirfo. Matacin iska da ake sawa gaban makirfo, ko siririn ƙyalle a ɗaure a zoben ƙarfe, yana tare wannan. A gwada jimlar da ta fi ƙarfi, a ga sautin yana tsayawa tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, wanda 0 ne ƙarshensa. Muryar da ta taɓa 0 ta fashe, sai dai a sake. Lokacin hunturu a ajiye ruwa kusa, saboda busasshen baki yana ƙas-ƙas. Kafin a fara magana a naɗi daƙiƙa 10 na shirun ɗakin, mai gyara zai yi amfani da shi wajen cire hayaniya.

Wajen turawa, kada a aika aiki a matsayin saƙon murya na WhatsApp, yana matse shi. A tura fayil ɗin a matsayin takarda (Document) a WhatsApp ɗin ko ta Google Drive, a riƙe asalin WAV ɗin har sai mai aikin ya tabbatar ya karɓa.