Gobarar daji a lokacin hunturu

Gobarar daji wuta ce da ke tashi a makiyaya, gona ko kurmi, ta yi ta ci ba tare da an iya shawo kanta ba. A Afirka ta Yamma lokacinta sananne ne: daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa.

Tsakiyar hamada ba ta cika yin gobara ba, don babu abin da wuta za ta ci. Haɗarin yana inda damina ke fitar da ciyawa, rani kuma ya busar da ita. Shi ya sa shekarar da damina ta yi kyau ta fi tsoratar da makiyayan Abalak da arewacin Maraɗi a ƙasar Nijar: gamba, ƙyasuwa da ƙarangiya sun cika daji, sai hunturu ya zo ya mai da su makamashi.

Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai. Danshin da ke cikinta kan sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari da tsakar rana, abin da ke fasa leɓe da dunduniya. Siririyar ciyawa kuwa sa'o'i kaɗan ke isar ta ta bushe ƙarau, ko da raɓa ta sauka mata da asuba. Idan wuta ta kama, iska na rura ta, tana kwantar da harshenta kan ciyawar da ke gaba, wadda kan yi zafi tun kafin wutar ta iso. Mafi muni shi ne tartsatsi. Iska kan ɗauki guntun kara mai ci ta tsallake hanya da shi, ta jefa a kan zana ko jinkar rumbu, masu kashe wuta da ganye suna can baya ba su sani ba. A kan tudu ma wuta ta fi gudu idan hawa take yi.

Ita iska ba ta ƙyasta ashana. Galibi mutum ne: mai farautar gafiya da burgu, mai cire zuma da hayaƙi, manomi mai ƙona sharar gona, matafiyin da ya ji ɗumi ya tashi ya bar garwashi.

Gana ta ɗanɗana kuɗarta a 1983. Fari ya haɗu da hunturu mai tsanani, wuta ta shiga har yankin kurmi na kudu, ta cinye gonakin koko da na abinci, daidai lokacin da 'yan ƙasar kusan miliyan ɗaya ke komawa gida bayan korar da aka yi musu daga Najeriya. Yunwa ta biyo baya. A 1990 ƙasar ta kafa dokar hana ƙunar daji.

A Nijar dabarar da aka fi dogaro da ita ita ce share dogayen layuka masu faɗi a cikin makiyaya da zarar damina ta ɗauke, don wuta in ta iso ta rasa abin kamawa. Ma'aikatan gandun daji a wasu ƙasashen yankin kuma kan sa wuta da gangan a farkon rani, ciyawa na da sauran ɗanye, ta ci a hankali ta mutu.