Amsar ma'aikatar haraji a rubuce: yaushe take ɗaure ta?

A ce ɗan kasuwar albasa a Tawa yana son ya fara busar da ita, ya niƙa, ya ƙulla a leda ya kai kantunan Yamai. Kafin ya sayi inji akwai abin da ke hana shi barci: garin albasar nan, TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, ta kashi 19 cikin 100 za ta hau kansa, ko za a ɗauke shi kamar sauran amfanin gona? In ya yi kuskuren lissafi, wata rana masu bincike su zo su ɗora masa bashin shekaru, ga tara a kai.

Don irin wannan ne ƙasashe da dama suka tanadi abin da ake kira reskiri fiskal. Ka rubuta wa ma'aikatar haraji abin da kake shirin yi, ta ba ka amsa a rubuce kan yadda doka za ta shafe ka, sannan amsar ta ɗaure ta. A Faransa, dokar 1987 ce ta ƙarfafa wannan kariya. Can ma'aikata na da wata 3 ta amsa, a wasu batutuwa da doka ta ambata ma shirunta amincewa ne. Wanda amsar ba ta gamsar ba yana da wata 2 ya nemi a sake dubawa.

Sai dai kariyar iyakarta abin da ka faɗa, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. In mutumin Tawa ya rubuta cewa zallar albasa zai niƙa, daga baya aka tarar yana haɗa ta da gishiri da yaji yana sayarwa a matsayin kayan miya, takardar ba za ta cece shi ba, don ba wannan aka tambaya ba. Haka in ya ɓoye wani abu da gangan don amsa ta yi masa daɗi. A ganina gara ka faɗi har abin da kake tsoron zai ja maka ƙarin haraji, ka san inda ka tsaya tun kuɗinka na hannunka.

Amsar taka ce kai kaɗai, maƙwabcin shagonka ba zai ara ba. In dokar kasafin kuɗi ta sabuwar shekara ta canza ƙa'idar, amsar ta faɗi. Ma'aikata kuma tana iya canza ra'ayi, amma daga ranar da ta sanar da kai zuwa gaba, ba ta koma baya.

Kuma amsar fassarar doka ce, ba alfarma ba. Kamfanin Apple ya samu irin waɗannan takardu a Ailan a 1991 da 2007, amma a 2024 babbar kotun Tarayyar Turai ta tabbatar cewa gata ne da ya saɓa doka, aka ce ya biya yuro miliyar 13.

Abin da ya fi damuna a nan gida shi ne dogaro da maganar baki. "Alhaji, kar ka damu, ba komai a kai," in ji ma'aikaci, gobe a canza masa wurin aiki. In kana da tambaya ga DGI, wato babbar ma'aikatar haraji ta Nijar, rubuta ta, ka sa lambarka ta NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ka haɗa takardun cinikin, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kofin takardar da za ka ajiye, kuma ka jira amsa mai sa hannun shugaban da ke da hurumi kafin ka biya kuɗin injin.