Dardumar Armeniya: Saƙarta, Alamominta da Tarihinta

Dardumar Armeniya shimfiɗa ce ta gashin tumaki da Armeniyawa ke saƙawa da hannu tun zamanin da, a ƙasarsu ta yau da ke kudancin tsaunukan Kaukasus, da kuma yankunan da suka daɗe da zama a gabashin Turkiyya, arewa maso yammacin Iran da Karabak, yankin tsaunuka da Armeniya da Azarbaijan suka daɗe suna jayayya a kansa. Iri biyu ce. Akwai mai gashi-gashi mai taushi wadda ake ƙulla zarenta ɗaya bayan ɗaya, suna ce mata gorg, sai kuma shafaffiya marar gashi da suke kira karpet. Yawanci aikin mata ne a cikin gida, uwa ta koya wa 'ya. Ana shimfiɗa ta a ƙasa, a lulluɓe gado da ita, a rataye ta a bango don tare sanyin hunturu, a ba da ita sadaka ga coci, kuma tana cikin kayan ɗakin da amarya ke tafiya da su. Da irin wannan saƙa ake yin jakar da ake ɗora wa doki ko jaki mai suna khurjin, da babbar jakar adana kayan kwanciya mai suna mafrash.

Abin da ya fi bambanta ta da dardumomin maƙwabta shi ne rubutu. Masaƙa da yawa sun saƙa sunayensu, da shekarar da suka gama aikin, da 'yar gajeriyar addu'a a cikin jikin dardumar da haruffan Armeniyanci.

Tarihi

Darduma mai ƙulli mafi tsufa da aka samu kusan cikakkiya ita ce ta Pazirik, wadda masanin tono kayan tarihi Sergei Rudenko ya fito da ita daga wani kabari mai ƙanƙara a tsaunukan Altai na Saberiya a 1949. An saƙa ta wajen ƙarni na 5 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu tana gidan tarihi na Hermitage a birnin Sen Pitasbag. Wasu masana, irin su Bajamushe Ulrich Schürmann, sun ce aikin Armeniyawa ce. Wasu sun danganta ta ga Farisa ko tsakiyar Asiya. Har yau ba a yanke wannan gardama ba.

Shaida mai ƙarfi ta fito ne daga alƙaluman Larabawa. A ƙarni na 10, Ibn Hauƙal ya ambaci birnin Dvin na Armeniya, wanda Larabawa ke kira Dabil, da shimfiɗu da matasan kai na ulu da ake yi a can ana rina su ja. Ibn Khaldun kuma ya kawo lissafin harajin da larduna ke kai wa Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, inda aka ga darduma ashirin a cikin abin da Armeniya ke biya, tare da kuɗi da alfadarai da kifi. Abin da sarki ya yarda ya karɓa a matsayin haraji ba ƙaramin kaya ba ne. A ƙarni na 13 Marko Polo ya ratsa Anatoliya ya yaba wa dardumomin da ake saƙawa a garuruwan da Armeniyawa da Girkawa ke zaune cikin Turkawa. Daga baya, bayan da Shah Abbas na Farisa ya kwashe Armeniyawan garin Julfa a 1604 ya zaunar da su kusa da Isfahan, fataken wannan sabon mazauni, Sabuwar Julfa, suka shimfiɗa hanyoyin ciniki daga Indiya har Amstadam, suna fataucin alharini da sauran kayan saƙa.

Yadda ake saƙa ta

Aikin yana farawa ne daga tunkiya. A yi sausaya, a wanke gashin, a taje shi, a kaɗa shi da mazari, sannan a kai shi rini. Masaƙiya tana zaune gaban katakon saƙa da aka ɗaura wa zaren tsaye, ƙwallayen zare masu launi suna rataye a saman kanta. Sai ta ɗauki guntun zare ta naɗe zaren tsaye guda biyu da shi, ta fito da bakinsa biyu ta tsakaninsu, ta ja ƙasa, ta yanke da 'yar wuƙa. Ƙulli ɗaya ke nan. Idan layi ya cika sai ta zura zaren kwance, ta daddage shi da matajin ƙarfe mai nauyi, ta daidaita gashin da almakashi. Armeniyawa na ce wa wannan ƙulli tagwayen ƙullin Armeniya, 'yan kasuwar duniya kuma sun san shi da ƙullin Turkawa. Sunan kawai ya isa ya nuna cewa sana'a ce da al'ummu da dama suka yi tarayya a kanta.

Ja shi ne sarkin launukan. Mafi shahara shi ne vordan karmir, jan da ake samu daga wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a jikin saiwar ciyayi a fadamun gishiri na kwarin Ararat. Kusan duk shekara yana cikin ƙasa. Sai wajen watan Satumba zuwa Oktoba matan ƙwaron ke fitowa da sassafe don barbara, su koma kafin rana ta yi zafi, kuma a wannan ɗan taƙin ne ake tsince su. Saboda wannan rini ne marubutan Larabawa suka kira birnin Artashat na wannan kwari garin ƙirmizi, wato garin jan rini. Da shi aka ƙawata littattafan hannu da yawa da ke ajiye a Matenadaran, taskar tsofaffin littattafai ta Yerevan, babban birnin Armeniya. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: rini ne mai tsada, na masu hali, kuma jan da ke yawancin dardumomin ƙauye daga saiwar wani tsiro ake samunsa. Shuɗi daga baba yake, rawaya daga ganyaye da ɓawon rumman. Ƙwaron rini na nahiyar Amurka da ya shigo kasuwa a ƙarni na 16, sannan rinin kamfani a ƙarshen ƙarni na 19, su suka durƙusar da vordan karmir. Noma ya cinye yawancin fadamun, shi ya sa a 1987 aka keɓe wa ƙwaron wani fili a yankin Armavir don kada ya ƙare.

Alamomi

Masu nazari a Armeniya sukan raba fitattun dardumomi da sunan halittar da ke jikinsu. Vishapagorg ita ce mai dodon maciji, artsvagorg mai gaggafa, otsagorg mai maciji.

Vishap, wato dodon macijin, shi ya fi zurfin tushe. A tsaunukan Geghama da kan dutsen Aragats akwai manyan duwatsu sassaƙaƙƙu da aka kafa kusa da maɓuɓɓugai da tafkuna dubban shekaru da suka wuce, wasu da siffar kifi, wasu da hoton fatar bijimi. Mutanen yankin suna kiran su duwatsun vishap. A tatsuniyoyinsu vishap yana da alaƙa da ruwa da hadari, wani lokaci mai tsaron ruwa ne, wani lokaci mai hana shi, kuma gwarzon da suke bauta wa kafin zuwan Kiristanci, Vahagn, laƙabinsa mai karkashe vishap. A jikin darduma ba a zana shi da ido da haƙori. Wata lanƙwasa ce mai kai biyu da aka cusa tsakanin manyan ganyaye masu haƙoran zarto, har baƙo zai iya kallon dardumar tsawon lokaci bai gane akwai dabba a ciki ba. Manyan dardumomin dodo da suka rage daga ƙarni na 17 da na 18 suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma masana sun sha bamban kan garuruwan da aka saƙa su.

Mai gaggafa, wadda 'yan kasuwa ke kira Celaberd da sunan yankin Jraberd na Karabak, tana da babbar alama a tsakiya mai fiffike da tsirkiya ta kowace fuska. Wani ya ga gaggafa ta buɗe fukafukai, wani ya ga rana tana haskawa, wani ya ga gicciye. Mai maciji kuma ana danganta ta da Khndzoresk, ƙauyen nan na lardin Syunik inda mutane suka zauna cikin koguna har tsakiyar ƙarni na 20. A jikinta ƙananan macizai ne ke kewaye da wani murabba'i.

Gicciye yana ko'ina, a fili ko a ɓoye cikin taurari da furanni. Ba abin mamaki ba ne ga al'ummar da, bisa ruwayarta, ta karɓi Kiristanci a matsayin addinin ƙasa tun shekarar 301, kuma irin waɗannan zane-zane ana ganinsu a khachkar, duwatsun gicciye da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2010. Akwai kuma arevakhach, da'ira mai juyawa da ke nufin dawwama, da bishiyar rayuwa, da ƙahon rago, da rumman mai nuni ga haihuwa da yalwa.

A nan sai an yi hattara. Yawancin fassarar da ake yi wa alamomin nan masu nazari ne suka yi ta daga baya, masaƙan da kansu ba su bar bayani ba. Kuma ƙahon rago da tauraro da bishiya duk suna cikin saƙar Azarbaijanawa, Kurdawa, Farisawa da Turkawa, waɗanda suka yi zaman maƙwabtaka da cin kasuwa ɗaya da Armeniyawa. Zane kaɗai ba ya nuna hannun da ya yi shi.

Rubutun masaƙa

Shi ya sa rubutun ke da muhimmanci. Haruffan da Mesrop Mashtots ya ƙirƙiro wajen shekarar 405 suna aiki a matsayin lambobi ma, kamar yadda malamanmu ke rufe waƙa da ramzi. Kalandar Armeniyawa ta fara ne a 552, don haka idan an ga shekara a tsohuwar darduma sai a ƙara 551 a samu ta Miladiyya. Mafi shahara ita ce dardumar Gohar mai shekarar 1149, wato 1700. Matar da ta saƙa ta ta rubuta cewa ita Gohar, mai yawan zunubi da raunin zuciya, ta saƙa wannan darduma da hannuwanta sababbin koyo, tana roƙon duk wanda ya karanta ya nema mata rahamar Allah. Wanda ya ga tsarin dardumar zai san akwai tawali'u a maganar "sababbin koyo". A 1984 gidan tarihi na Kimbell da ke Texas ya shirya baje kolin irin waɗannan dardumomi masu rubutu, abin da ya sa 'yan kasuwa da masana suka sake duba wasu da a da ake jibge su duka a ƙarƙashin sunan "na Kaukasus".

Ƙarni na 20 zuwa yau

Kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya ta Turkawa daga 1915, wanda gwamnatin Turkiyya ba ta amince da kiransa da wannan suna ba, ya shafe saƙar Armeniyawa a garuruwan Anatoliya. Waɗanda suka tsira sun tafi da sana'ar Siriya, Labanan, Girka da sauran ƙasashe. A gidan marayu na Ghazir a Labanan, wanda ƙungiyar agaji ta Near East Relief ke riƙe da shi, 'yan mata marayu suka saƙa wata babbar darduma mai ƙulli sama da miliyan huɗu, cike da itatuwa da dabbobi, aka kai wa Shugaban Amurka Calvin Coolidge a Disambar 1925 don godiya. Ta daɗe a ajiye ba a nuna ta, sai a Nuwambar 2014 aka baje ta na 'yan kwanaki a cibiyar baƙi ta Fadar White House.

A zamanin Tarayyar Sobiyet an mayar da saƙar hannun kamfanin gwamnati mai suna Haygorg, aka yi ta yin zane iri ɗaya da rinin kamfani don sayarwa waje. Bayan samun 'yanci a 1991, kamfanoni irin su Megerian da Tufenkian, na Armeniyawa mazauna Amurka, suka farfaɗo da zaren hannu da rinin itatuwa.

Rikicin Karabak ya shiga har cikin wannan sana'a, domin Armeniya da Azarbaijan kowacce na cewa dardumomin yankin gadonta ne. A yaƙin 2020 an kwashe yawancin kayan gidan tarihin darduma na Shushi zuwa Yerevan kafin garin ya koma hannun Azarbaijan, wadda ke kiransa Shusha. A Satumbar 2023 kuma Armeniyawa sama da 100,000 suka bar Karabak, cikinsu har da mutanen ƙauyukan da aka san su da saƙar mai dodo da mai gaggafa.