Unguwa mai zafi da ɗan sanda gajiyayye: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da fashi da sare-sare suka yi ƙamari a wata unguwa, kukan farko da ake ji shi ne a ƙaro 'yan sanda. Kukan yana kan hanya, amma rabin magana ce. Saura a san wa za a turo, wa zai sa masa ido, kuma a wane hali zai iso bakin aiki.

Ƙara yawan 'yan sanda yana rage laifi kuwa?

Yana ragewa, sai dai an daɗe ana wahalar tabbatar da hakan. Garin da laifi ya yi wa katutu shi ne ke ɗaukar 'yan sanda da yawa, don haka mai kallon alƙaluma sama-sama sai ya zaci su ne ke jawo laifin. Masu bincike sai suka koma neman wuraren da aka ƙara jami'ai saboda wani dalili na daban. A 1994, bayan harin bam a wata cibiyar Yahudawa a Buenos Aires ta Ajantina, an girke 'yan sanda dare da rana a ƙofar cibiyoyin Yahudawa da na Musulmi. Satar mota a waɗannan layukan ta ragu da kusan kashi 75 cikin 100. Layukan da ke ɗan nesa kuwa ba su ga wani sauyi ba.

A 2022 Aaron Chalfin da abokan aikinsa sun duba birane 242 na Amurka, suka ƙiyasta cewa duk jami'ai 10 zuwa 17 da aka ƙara suna hana kisan kai guda a shekara. Amma binciken ya nuna ɗaya fuskar: kamen mutane kan ƙananan laifuka yana ƙaruwa, kuma baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

To daga ina zancen cewa sintiri ba ya hana komai ya samo asali?

Daga birnin Kansas City na Amurka. Tsakanin 1972 da 1973 an raba yankuna 15 gida uku: wasu aka janye musu motocin sintiri sai an kira, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka musu sau biyu zuwa uku. Da shekara ta zagayo, ba a ga wani bambancin kirki ba, ko a yawan laifi ko a tsoron da ke zukatan jama'a.

Abin da aka fahimta daga baya shi ne, laifi ba ya bazuwa kamar yayyafi. A 1989 Lawrence Sherman da abokansa suka gano cewa rabin kiran da ake yi wa 'yan sandan Minneapolis daga kimanin kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin yake fitowa. Ke nan ko a unguwar da ta yi ƙaurin suna, yawancin layuka lafiya lau suke. Matsalar takan taru ne a wata kwanar titi ɗaya, ko bakin wata tasha, ko wani kango. Wani mai bincike, Christopher Koper, ya ƙara da cewa tsayawar minti 10 zuwa 15 a irin wannan wuri, a lokutan da ba a zata ba, ta fi wucewa da mota a guje tasiri, ta kuma fi zaman dirshan. A Philadelphia a 2009 an gwada sintirin ƙafa a wurare 60 masu zafi, laifukan zubar da jini suka ragu da kusan kashi 23 cikin 100 in aka kwatanta da makamantansu da ba a tura masu sintirin ƙafa ba.

'Yan sanda nawa ne za su ishi unguwa?

Babu adadi ɗaya da zai yi wa kowa daidai. Lissafin "ɗan sanda ɗaya ga mutum kaza" daɗin faɗa gare shi, amma bai san unguwar da ke kwana da ido ɗaya ba. Abin aunawa shi ne nauyin aiki: kira nawa ke shigowa, da ƙarfe nawa, kowanne awa nawa yake ci.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba. Mako awa 168 ne, mutum ɗaya kuwa aikin awa 40 yake yi. Don haka wuri ɗaya tak da ake son kada a rasa mutum a kai dare da rana yana cin jami'ai fiye da huɗu, in aka sa hutu da jinya da kwas da zuwa kotu ba da shaida, sai biyar ko shida. A cire masu aikin ofis da masu gadin manya. Caji ofis ɗin da ke da mutum sittin a takarda zai iya wayar gari da bakwai kacal a kan titi ƙarfe biyun dare.

Su wa ake turawa unguwannin da suka fi zafi?

Nan gizo ke saƙar. A rundunoni da dama, wanda ya daɗe a aiki ko yake da uwa a gindin murhu shi ke zaɓar inda zai zauna, kuma ba wanda ke zaɓar wahala. Sai a bar wurin ga sabbin kurata da waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki don horo. Aikin da ya fi buƙatar tsohon hannu, wanda ya san lokacin ɗaga murya da lokacin lallashi, sai ya faɗa hannun wanda jiya ya fito daga kwaleji. Da ya fara gane kan unguwar, ya san wane yaro ne ɗan wane, sai ya nemi hanya ya gudu, a kawo wani sabo.

New York ta taɓa mayar da wannan tsari a hukumance. Daga 2003 an riƙa kwasar sabbin jami'ai ana zuba su a yankunan da laifi ya fi yawa. An sha sukar shirin kan tare mutane ana cajewa barkatai, da barin yara ba babba a kusa, kuma William Bratton ya kawo ƙarshensa bayan ya dawo shugabancin rundunar a 2014. Ingila da Wales sun faɗa irin ramin ta wata hanya: sun rasa jami'ai wajen 20,000 bayan 2010, suka sake ɗaukar 20,000 tsakanin 2019 da 2023. Adadi ya dawo, amma a 2023 kimanin kashi ɗaya bisa uku na rundunar ba su cika shekara biyar a kaki ba.

Me ya fi kashe wa ɗan sanda gwiwa, haɗarin aikin ne?

Abin mamaki, ba shi ne kan gaba ba. Wanda ya sa kaki ya san da haɗari tun ranar farko. Abin da ke cin ransa na cikin gida ne: ƙarin girma da ke tsallake shi ya sauka kan 'yan mowa, jadawalin aiki da ake sauyawa ba sanarwa, hutun da ake sokewa, shugaban da ke karɓe yabo in an dace, ya zame jiki in ta ɓaci.

Kuɗi ma suna ciki, amma ta wata fuska. Alexandre Mas ya bi diddigin rigingimun albashi a jihar New Jersey, ya ga cewa idan aka yanke hukuncin biyan 'yan sanda ƙasa da abin da suka nema, kame yana raguwa a watannin da suka biyo baya, rahoton laifi yana ƙaruwa. Jin an raina su ne ya yi aiki. Rahoton Louise Casey na 2023 kan 'yan sandan Landan ya kawo misalin da ke tsaya wa mutum a rai: firjin ajiye shaidun fyaɗe sun cika maƙil, wasu sun lalace, alhali rundunoni na musamman ba abin da suka nema suka rasa. Mai binciken da ke fama da irin wannan firji ba sai an faɗa masa matsayinsa a idon manya ba.

Abin ba ya tsayawa a ofis. Bincike kan adalci a cikin rundunoni ya sha nuna cewa jami'in da ke jin na gaba da shi suna sauraronsa ya fi yarda da sauraron jama'a. Wanda aka ci wa mutunci da safe a layin fareti, da wuya talaka ya tsira a hannunsa da yamma.

Ina batun gajiya?

Inda hannu ya yi ƙaranci, ƙarin awoyi ake toshe giɓi da su. A 2011 an bincika jami'ai kusan 5,000 a Amurka da Kanada, aka sami kusan kashi 40 cikin 100 da matsalar barci. A shekarar kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji a Detroit da Arlington: masu aikin awa 10 sun fi masu awa 8 samun barci, masu awa 12 kuwa sun fi kowa kukan gyangyaɗi. A tuna mutumin nan da bindiga yake yawo.

Wane shugaba ne ya fi tasiri, na ƙoli ko na kusa?

Na ƙoli yana tsara manufa, amma kurtu zai iya shekara bai gan shi ba. Saje yake gani kullum. Robin Engel ta nazarci masu sa ido a biranen Indianapolis da St. Petersburg na Amurka, ta ga cewa wanda ke fita titi tare da yaransa ya fi kowa juya halinsu. Sai dai tasirin kaifi biyu ne da shi: yaransa sun fi himma wajen warware matsalolin unguwa, sun kuma fi saurin amfani da ƙarfi. Abin da suka ga yana yi, shi suke yi.

Na ƙoli kuma zai iya ɓata komai da abin da yake ƙirgawa. Tsarin CompStat na bin diddigin alƙaluman laifi, wanda New York ta fara a 1994, ya sa kowane shugaban yanki tsayawa gaban manya ya kare alƙalumansa. Ya farkar da masu barci, gaskiya ne. Amma a 2010 muryoyin da wani ɗan sanda ya naɗa a asirce a wani caji ofis na yankin Brooklyn da ke New York suka fito fili, aka ji ana matsa wa jami'ai su cika adadin kame, su kuma riƙa kauce wa rubuta wasu ƙorafe-ƙorafe don takarda ta yi kyau.

Anya zancen ƙwarin gwiwa ba dabarar gudun bincike ba ce?

Wani lokaci ita ce. Akwai masu ɗaga tutar "gwiwarmu ta yi sanyi" duk sa'ad da aka taɓa ɗayansu, ko da laifinsa a fili yake. A ganina ba a biye wa wannan. Amma jami'in kirki ba hukunci yake ƙi ba. Abin da yake ƙi shi ne a dakatar da shi shekara biyu ba a saurari shari'arsa ba, ko ya ga abokin aikin da kowa ya san barnarsa an ƙara masa igiya, an kuma haɗa su mota ɗaya a aikin dare.