Morpho sulkowskyi: malam-buɗe-littafin da ke zaune cikin hazon tsaunukan Andes

Wane irin malam-buɗe-littafi ne wannan?

Ɗaya ne daga cikin rukunin Morpho, masu ƙyallin shuɗi da aka san nahiyar Amurka ta Kudu da ta Tsakiya da su. Rukunin yana da nau'i kusan 30, dukkansu 'yan gidan Nymphalidae, wani babban dangin malam-buɗe-littafi. Masanin ƙwari ɗan Ostiriya, Vincenz Kollar, shi ya fara siffanta wannan nau'in a rubuce a 1850. Sunan Morpho kuwa ya girme shi, wani masanin ƙwari mai suna Fabricius ne ya raɗa shi tun 1807.

A ina ake samunsa?

A kan tsaunukan Andes na Kolombiya da Ekwado da Peru, har zuwa Bolibiya idan an haɗa da makusantansa na kudu. Yawancin 'yan uwansa dajin ƙasa mai zafi suke so, irin na Amazon. Shi kuwa sama yake hawa, galibi tsakanin mita 2,000 zuwa 3,000, inda hazo ke lulluɓe daji kusan kullum, safiya kuma da sanyi. Dalilin yana wurin abinci: tsutsarsa ganyen wata gorar dutse take ci, wadda ake kira Chusquea. Inda gorar nan ta yi kauri a bakin kwazazzabo, nan ake sa ran ganinsa. In aka sare dajin aka mai da shi makiyayar shanu, shi ke nan, ya rasa gida. Wannan ne abin da ya fi damuna game da shi, domin ba zai iya gangarowa ƙasa ya sake zama ba.

Yaya ake gane shi?

Ba shuɗi mai duhu ba ne kamar sauran Morpho da ake gani a hotuna. Fukafukan namiji farare ne, sirara, har zanen ƙasansu yana ɗan bayyana ta sama. Da rana ta doke su sai shuɗi mai haske ya walƙa, ya juya kaɗan kuma ya koma fari, kamar cikin ƙwaryar kawa. Ƙasan fiffiken fari-fari ne mai ratsin ruwan ƙasa da 'yan ɗigo masu kama da ido. Bai kai manyan Morpho girma ba, kuma ƙyallin mace bai kai na namiji ba.

Daga ina shuɗin yake fitowa?

Babu rinin shuɗi ko kaɗan a jikinsa. Garin nan da ke maƙale wa yatsa in an taɓa fiffike, ƙananan ɓawo ne, kowanne da siraran layuka hawa-hawa waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke karkasa haske su maido da shuɗi kaɗai. Shi ya sa launin ke sauyawa da zarar ka sauya wurin tsayuwa. A 2007 masu bincike na kamfanin General Electric a Amurka sun nuna cewa ɓawon wannan nau'in yana sauya yadda yake maido da haske gwargwadon irin tururin da ya taɓa shi, abin da ya ba su hanyar tunanin ƙera na'urar gano sinadarai a iska.

To me ya sa masana ke saɓani kan rabe-rabensa?

Tsaunin ne ya jawo. Kwaruruka masu zurfi da zafi, irin na kogin Marañón a Peru, suna raba jama'arsa gida-gida, kowane gida ya ɗan bambanta a launi da zane. Na kudu, wato lympharis da masanin ƙwari Butler ya siffanta a 1873 da eros da masanin ƙwari Staudinger ya siffanta a 1892, wasu masana reshen sulkowskyi suke ɗaukarsu, wasu kuma suna ware lympharis a matsayin nau'i mai zaman kansa. Saboda haka duk wanda ya ɗauki hotonsa, ya rubuta sunan wurin da tsayin dutsen, domin launi kaɗai ba ya raba gardamar.