Maryamu Magadaliya a hannun masu zane

Wace ce ita?

Ɗaya ce daga mabiyan Yesu, mutuniyar Magadala, wani gari a bakin Tekun Galili. A Littafi Mai Tsarki, Luka 8:2 ya ce an fitar mata da aljanu bakwai, kuma a Yohanna 20 ita ce ta fara ganin Yesu bayan tashinsa daga matattu. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin karuwar da ta tuba, amma babu ayar da ta kira ta karuwa.

To me ya sa ake zana ta tana kukan nadama?

Wa'azi ne ya jawo. A shekarar 591 Fafaroma Gregory na Ɗaya ya ɗauki mata uku ya mai da su ɗaya: ita, da Maryamu ta Betanya, wadda ta shafa wa Yesu turare, da wata mai zunubi a Luka 7 da ba a ambaci sunanta ba, wadda ta jiƙe ƙafafun Yesu da hawaye ta share da gashinta. Daga nan ta samu dogon gashi da tulun turare, alamomin da ake gane ta da su. Sai a 1969 Cocin Katolika ya raba su a kalandarsa, amma fa bakin alƙalami ya riga ya bushe a jikin bangon majami'u.

Yaya ake zana tuba, alhali a zuci take?

Da kayan da ke kewaye da mai tuban. Caravaggio, mai zane ɗan Italiya, ya zaunar da ita kai a sunkuye, sarƙa da lu'ulu'u yashe a ƙasa. Georges de La Tour ɗan Faransa, wajen 1640, ya ɗora mata ƙoƙon kan mutum a cinya, ta ƙura wa fitila ido cikin duhu. Alamar mutuwa ke nan, da ƙarewar kwana.

Donatello, masassaƙi ɗan Italiya, shi ne ya fi taɓa ni. Wajen 1455 ya sassaƙa ta da itace, tsohuwa ramammiya, ba sutura sai gashi, tafin hannuwa sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba. Ya bi labarin da ke cewa ta yi shekara 30 tana ibada a kaɗaice. Sassaƙar tana birnin Florence na Italiya har yau. Titian kuwa, shi ma ɗan Italiya, ya zana ta da ƙiba da sheƙi, har mutum ya rasa ko tuban ake so ya kalla ko matar.

Ko'ina haka ake nuna ta?

A'a. Cocin Otodoks na Gabas bai taɓa karɓar haɗa matan nan uku ba. A zanensu tana tsaye a lulluɓe, riƙe da turaren da ta kai kabarin Yesu da asuba, wani lokaci da jan ƙwai a hannu, alamar tashi daga matattu.